Ta Ina Zan Fara Neman Asalin Kakan Mahaifina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Amurka, na ga yadda mutanen nan suke gano kakannin kakanninsu ta tsofaffin takardun ƙidaya da sanarwar mutuwa a jaridu. Mu mutanen birnin Kano ne. Abin da muka sani game da kakan mahaifina shi ne laƙabinsa, da cewa ya baro wani ƙauye ta wajen Rano ya shigo birni lokacin wata yunwa. Ko zan iya bin hanyar nan tasu in gano asalinmu?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da wannan tun kana da ƙuruciya, domin yawancinmu sai tsofaffin gida sun ƙare muke farkawa. Na daɗe ina aiki da tsofaffin takardu, kuma zan gaya maka gaskiya tun daga farko: za ka iya gano abu mai yawa game da wannan bawan Allah, amma ba ta ƙofar da Amurkawa suke shiga ba. Tamu ƙofar daban take, kuma mabuɗinta yana hannun mutanen da ke raye yau a gidanku.

Bari in fara da abin da ka gani a can, don ka san dalilin da ya sa yake yi musu aiki. Amurka tana ƙidaya duk bayan shekara goma tun 1790. Daga 1850 aka fara rubuta sunan kowane mutum da ke cikin gida, in dai ba bawa ba ne, da shekarunsa da sana'arsa da inda aka haife shi. Dokarsu ta ce a rufe takardun shekara 72 sannan a buɗe wa kowa, shi ya sa a watan Afrilun 2022 aka saki na 1950. A Ingila shekara 100 ake jira, kuma na 1921 ne na baya-bayan nan da aka buɗe. Saboda haka Ba'amurke yana iya bin gida ɗaya yana ja da baya, 1950, 1940, 1930, yana ganin tsoho yana komawa magidanci, magidanci yana komawa yaro a gaban iyayensa. Ga sunan dangi guda da yake bin zuriya daga kaka har tattaɓa-kunne. Ga jaridar ƙaramin gari da ke buga rasuwa da sunayen 'ya'ya da jikoki, ga kuma dutse a kan kabari da suna da shekara. Su ma ba ko'ina hanyar take ɓullewa ba. Gobarar da aka yi a Washington a 1921 ta lalata kusan dukkan takardun ƙidayar 1890, kuma baƙaƙen fatar da kakanninsu bayi ne sawun yakan ɓace musu a 1870, domin kafin nan a ƙarƙashin sunan ubangida ake lissafa bayi, a sa shekaru da jinsi, ba a sa suna ba.

Mu kuwa ƙidayarmu kai take ƙirgawa. Na 1911 da 1921 da 1931 a Arewa yawanci daga lissafin haraji da ƙiyasi aka haɗa su, ban da wasu garuruwa da ƙauyuka da aka zaɓa aka bi su dalla-dalla. A 1941 ba a yi ba saboda yaƙi. Na 1952 zuwa 1953 shi ne na farko da aka yi ƙoƙarin bin ƙasa duka, kuma ya ba Arewa kusan mutum miliyan 17. Na 1962 aka soke, aka sake a 1963, na 1973 ma aka soke, sai 1991 da 2006. Abin da aka buga daga dukkansu alƙaluma ne: lardi kaza mutum kaza, gunduma kaza maza kaza mata kaza. Babu wani ɗaki ko shafin intanet da aka buɗe wa jama'a fom-fom ɗin gida-gida yadda ake yi a can. Littattafan 1952 da 1963 suna da amfani guda a wurinka, za su iya nuna maka cewa ƙauyenku yana nan a lokacin, da gundumar da yake ciki, da yawan mutanensa. Sunan kakanka ba za ka same shi a ciki ba.

Ka kuma riƙe wannan: a wancan zamani talaka ya san ƙirga da haraji tafiyarsu ɗaya. Wanda aka rubuta shi zai biya. Don haka ɓoye samari da rage musu shekaru da kora shanu daji kafin mai jangali ya iso ba baƙon abu ba ne. Duk takardar da ta fito daga wannan yanayi, da wannan idon za ka karanta ta.

Sanarwar mutuwa ma haka. Musulmi ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, a yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kabari kuma babu suna a kansa. Labarin rasuwa baki ne yake kai shi, sai masallaci, daga baya rediyo. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, Nigerian Citizen ta biyo a 1948, New Nigerian a 1966. Za ka ga rasuwar sarakuna da hakimai da alƙalai da manyan malamai da attajirai da ma'aikatan En'e a cikinsu. Manomin da yunwa ta koro daga ƙauye da wuya ƙwarai ya shiga. In a zuriyarku an yi mai sarauta ko ma'aikaci, to ka duba, in babu kada ka ɓata watanni a kan jarida.

To ina za ka nufa? Wurin tsofaffin mata, kuma yanzu-yanzu. Da tsohuwar zuma ake magani. Maza sukan riƙe layi ɗaya, wane ɗan wane ɗan wane, su tsaya. Mata su ne suka san wa ya auri wa, wace ce uwargida wace ce amarya, ɗan wane ɗaki ne wane, wa aka ba wa riƙo, wa ya zo agola, wace goggo aka kai aure wane gari. Su ne suka je suna da biki da gaisuwar mutuwa a ƙauyen da maza suka daina zuwa. Idan akwai wanda har yanzu ya san sunan ƙauyen nan na wajen Rano, ina kyautata zaton mace ce.

Amma tambayar tsohuwa tana da ladabinta. Wani saurayi ya taɓa kai ni wurin kakarsa a wani lungu cikin birni. Muka same ta zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, tana goga goro a magogi saboda haƙora sun tafi. Bayan gaisuwa na tambaye ta sunan surukinta, uban mijinta. Ta sunkuyar da kai ta gyara mayafi, ta ce, "Ai Baba ne." Na sake tambaya, ta ce, "Mai sunan yaron nan ne na gidan bayanmu." Jikan nata ya fara ƙosawa, na ce ya yi haƙuri, kunya ce, shekara sittin ba ta taɓa kama sunan nan da bakinta ba, ba kuwa yau za ta fara don mu ba. Sai na ce, "Iya, sunan wane ne daga cikin annabawa ko sahabbai?" Ta yi murmushi ta ce, "Wanda suka shiga kogo da Manzon Allah." Abubakar ke nan. Su kuwa 'yan gidan Garba suka sani, suna ta neman Garba. Daga nan bakinta ya buɗe. Kafin a kira azahar ta lissafa mana matansa uku da 'ya'yan kowace, da garin da kowace ta fito, har da wadda ta mutu wurin haihuwa aka ba kishiyarta jaririn. Babu takardar da za ta ba ka wannan.

Wannan ya kawo mu kan suna, wanda shi ne inda masu bincike suka fi ɓata. Mutum ɗaya yana iya zama Abubakar a wurin malami, Garba a gida, Habu a kasuwa, Buba a bakin Fulani, Bukar in ya zauna cikin Barebari. Usman shi ne Shehu, shi ne Mani. Umaru shi ne Sanda. Abdullahi Audu, Ibrahim Iro, Idrisu Idi, Musa Kallamu. A mata A'isha ita ce Indo da Shatu, Hauwa ita ce Kulu, Hadiza Dije, Fatima Binta, Zainabu Abu, Maryamu Mairo. Laƙabin da ka ce kun riƙe kuwa kada ka raina shi, domin laƙabi yakan ɗauko labari. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Gambo mai bin tagwaye, Audi wanda uba ya rasu yana ciki, Talle wanda ya tashi maraya, Ɗan'azumi an san watan haihuwarsa, Ɗanladi da Ɗanjuma da Balarabe an san ranarsu. Idan kakan naku Audi ne, ka riga ka san ba a hannun mahaifinsa ya tashi ba, sai ka nemi wanda ya riƙe shi. Riƙo ma kansa tarko ne: yaron da kawu ko baffa ya riƙa, sau da yawa da sunan mai riƙon aka sa shi a makaranta, sunan ya bi shi har takardar fansho, jikoki su taso suna zaton kakansu ne. Wasu kuma da sunan gari aka rubuta su, kamar yadda aka san Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita. Kullum ka riƙa tambaya, "Shi ya haife shi, ko riƙonsa ya yi?"

Ka tambayi sana'ar gidan da unguwar da ya fara sauka. Baƙo ba ya sauka haka kawai, wurin ɗan garinsu ko abokin sana'arsa ko malaminsa yake nufa. Sunayen unguwannin Kano da kansu suna faɗin asali: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Sharifai, Yolawa. Ka tambayi irin tsagar da ke fuskarsa, ka sa tsohuwa ta zana maka da yatsa a kumatunta, sannan ka kai wa tsohon wanzami, don su ne suka san askar kowane gida. Ka tambayi da wa kuke wasa, wato abokan barkwancinku na gado, kuma ko akwai kirari ko take da maroƙa suke yi wa gidanku a wurin biki. Maroƙi yana ƙara gishiri, wannan sana'arsa ce, amma sunayen da yake jerowa daga wani wuri ya gaje su.

Yanzu maganar yunwa, wadda ita ce babbar fitilar da ke hannunka. Mutanenmu da abin da ya faru suke lissafin shekara. In na ƙiyasta kai haihuwar wajen 2000 ne, mahaifinka wajen 1965, kakanka wajen 1930, to kakan mahaifinka zai faɗo wajen 1890 zuwa 1900. Manyan yunwa biyu ne suka dace da ƙuruciyarsa: Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta fi kowace muni a wancan zamani, da ta 1927 da ake kira 'Yar Buhu. Yadda za ka raba su shi ne ka tambaya wane sarki ne a kan gado da ya shigo. Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. In aka ce zamanin Abbas, ka samu shekararka. In aka ce ya ga Basasa da idonsa, wato rikicin Tukur da Yusufawa na 1893 zuwa 1895, ko ya yi wayo kafin Turawa su ci Kano a Fabrairun 1903, to ya girmi ƙiyasina. Akwai sauran alamomi irin waɗannan: isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, annobar mura ta 1918, zuwan Sarauniya a 1956, komawa tuƙi hannun dama a 1972, canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Da su za ka sa wa kowace haihuwa da rasuwa shekara, ko da da kuskuren shekara biyu ko uku.

Sai ka samu abu uku, sunan yanka, sunan ƙauye da zamanin, sannan takarda za ta amsa maka. Wanda ya shiga ɗakin adana tarihi da laƙabi kaɗai zai fito hannu rabbana.

Ka lura da cewa "ƙasar Rano" a bakin tsohuwa ta fi ƙaramar hukumar Rano ta yau faɗi. Tana iya nufin wani gari da yanzu yake Kibiya ko Bunkure. Ƙauyuka kuma suna tashi: a ƙarni na 19 hare-haren Ningawa sun sa mutanen kudancin Kano komawa garuruwa masu ganuwa, kuma madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 ta tayar da ƙauyuka an sake musu mazauni. In ba ka ga sunan a taswira ba, ka tambayi dagatai ko ya zama kufai, da inda mutanensa suka koma.

Babbar ma'ajiyar takardun mulkin Turawa na Arewa ita ce reshen Kaduna na Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a 1954, tana da rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. A reshen Kaduna takardun sakatariyar Arewa suna ƙarƙashin alamar SNP, na larduna kuma kowane da tasa, na Kano KanoProf, na Sakkwato SokProf, na Zariya ZarProf. Abin da za ka fara nema shi ne fayil mai taken "Assessment Report" ko "Re-assessment Report" na gundumarku. Rahoto ne da jami'in Bature yakan rubuta bayan ya zagaya gunduma don tsayar da haraji. A ciki akwai tarihin garuruwa yadda dattawa suka faɗa masa, da jerin dagatai da waɗanda suka gada, da ƙabilu da sana'o'i, da yawan marina da masaƙa da maƙera, da abin da ake nomawa. Akwai kuma "District Notebook", wato littafin bayanan gunduma. Ka sani cewa a farkon zamanin Turawa a Kano sau da yawa da sarautar hakimi ake kiran gunduma, a ce gundumar Ciroma ko ta Madaki ko ta Makama, don haka sai ka san wa ke riƙe da ƙasar a lokacin. Rubutun sunaye ma yadda kunnen Bature ya ji ne, Dawakin Kudu za ka gan ta "Dawaki ta Kudu". Ga waɗanda asalinsu Katsina ne, ta taɓa zama cikin Lardin Kano, aka mayar da ita na Zariya a 1926, ta zama lardi mai zaman kanta a 1934, don haka takardunta sun rabu wuri uku. Bayan wannan akwai Arewa House a Kaduna, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Tunda kana nesa, ka duba shirin British Library na ceto takardun da ke cikin haɗari, sun ɗauki hoton wasu takardun Kano da Kaduna sun sa a intanet kyauta.

Rahotannin nan za su ba ka duniyar da kakanka ya tashi a ciki, amma sunan talaka ba ya yawan fitowa. Inda sunansa yake shi ne rajistar haraji ta dagaci. Kowace shekara malamin haraji yakan rubuta magidanta da baligan maza gida-gida, a karɓi kuɗi a yanka rasit. A ƙasar Kano har an yi zamanin taki, lokacin da malamai suke auna gonaki da taku suna rubuta mai kowace. Wannan ita ce ƙidayarmu ta gaske mai sunaye, kuma ta ci gaba har 1979 da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji. Matsalarta ita ce ba a tara ta wuri ɗaya ba. Abin da ya tsira yana cikin akwatin ƙarfe a gidan dagaci, ko ofishin hakimi, ko hannun 'ya'yan tsohon malamin haraji. Ka je da wanda aka sani, ka fara gaida mai gari, ka faɗi ko kai jikan wane ne. Kuma ka bayyana tun daga zaure cewa ba gona ka zo nema ba. Ina jaddada wannan domin baƙon da ya zo daga birni yana tambayar gidan kakansa, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne gado, sai kowa ya kama bakinsa.

Takardar da ta fi kusa da sanarwar mutuwar Amurkawa a wurinmu, har ta fi ta inganci, ita ce ta rabon gado. Shari'a ba ta yarda a raba dukiya sai an ƙididdige magada, don haka dole a rubuta mata da 'ya'ya maza da mata da iyaye in suna raye. Na taɓa samun wani kundi a ɗakin ajiyar wata tsohuwar kotu, gara ta ci gefensa, tawadar ta koma ja. Da Larabci aka rubuta, da irin rubutun nan namu na allo. Kowace shari'a layi biyar ko shida ce: wane ɗan wane na gari kaza ya rasu, ya bar mata biyu da 'ya'ya maza uku da mata huɗu, ga sunayensu, ya bar jaki da riguna biyu da damin dawa kaza da bashin da ake bin sa, an fitar da ushira, wato kashi ɗaya cikin goma, an raba saura, shaidu wane da wane. A layi shida ka samu zuriya biyu da sunayen mata, waɗanda ba a rubuta su a ko'ina. Shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 sun tsira, har Allan Christelow ya fassara wasu ya buga, kuma shekarun yunwar Ƙaƙalaba ne. Kotunan alƙalai na En'e sun koma hannun gwamnatin jiha a 1968, kundayensu suka koma kotunan da suka gaje su, don haka a kotun yankin da mutum ya rasu ake fara tambaya. Gadon da bai je kotu ba, malamin unguwa ne yake rabawa, sau da yawa ya rubuta a takarda. Ka sa a duba maka cikin adakar tsofaffi da ƙasan kwalla. Takardar sayen gidanku na birni ma tana da sunan mai saye da na ubansa da mai unguwa da shaidu.

In gidanku na malamai ne, ka yi sa'a babba. Malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon littafi ko a wata 'yar takarda cikin gafakar Alƙur'ani, kuma mai kwafar littafi yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa da garinsu. Almajirai kuma sukan yi wa malaminsu marsiyya da Larabci ko ajami, irin waɗanda Nana Asma'u ta yi wa 'yan'uwanta, a ambaci halinsa da malamansa da shekarar rasuwarsa. Shekarar takan zo da ramzi, wato kalma guda da kowane harafinta yake da adadi. A lissafin da malamanmu suke bi, na Magrib, shinun 1000 ne, ra 200, lam 30, ba 2, in ka haɗa ka samu 1232, shekarar rasuwar Shehu Usmanu. Kada ka yi amfani da jadawalin Gabas da za ka tarar a intanet, a can shinun 300 ne, lissafin zai watse. Mayar da Hijira zuwa Miladiyya kuwa, ka raba shekarar da 33, ka debe abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. A 1232 za ka debe 37, ka ƙara 622, ka samu 1817.

Idan bincike ya nuna wani reshe ya fita ƙasa, kowane wuri da irin takardarsa. Wanda ya shiga soja ya mutu a ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu cikin runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da sunayensu a shafinta, ana dubawa kyauta, sai dai da sunan gari aka ɗauki yawancinsu, irin su wane Kano, wane Zariya. A Nijar Faransawa sun riƙa ƙidayar haraji da sunayen iyalai, kuma takardunsu suna Yamai da Dakar da Aix-en-Provence a Faransa. Fataken goro a zangon Kumasi da Salaga ake bin sawunsu ta wurin sarkin zango da limamai. Waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, ko suka tafi Makka a ƙasa suka zauna a hanya, zuriyarsu tana Sudan, a Mai Wurno da garuruwan da ke kewaye, kuma da yawansu har yau sun riƙe sunan garin da kakansu ya baro.

Akwai abu biyu da nake so ka shirya wa zuciyarka. Na farko, kana iya tarar da bauta a cikin asalinku, ko kakanku ya mallaka ko an mallake shi. Ƙasar Kano cike take da rinji, wato ƙauyukan bayi masu noma, a ƙarni na 19. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na 1901, ba a kuma kashe bauta gaba ɗaya a doka ba sai 1936, kuma kotuna sun rubuta dubban waɗanda suka fanshi kansu, da sunayensu da ƙabilarsu ta asali. In ka ga tsohuwa ta yi shiru a wani wuri, ko labari ya tsaya cak a kan mutum ɗaya da ba a san ubansa ba, kada ka matsa mata a gaban mutane. Wanda aka raba da garinsu da ƙarfi, ya rayu ya kafa gidan da ka fito daga ciki, ya cancanci a san sunansa a yi masa addu'a kamar kowane kaka. Abin da ka gano kuma amanar dangi ne, ka shawarce su kafin ka sa a Facebook.

Na biyu, salsalar da ta yi tsawo da kyau ka auna ta. Gidaje da yawa suna kai nasabarsu ga wani sarki ko waliyyi ko gabas. Wata gaskiya ce, wata kuma an ɗinka ta daga baya. Ma'aunin mai sauƙi ne: shekara ɗari takan ɗauki kakanni uku, in an yi tsawon rai ƙwarai biyu. In aka ce tsakaninka da mutumin da ya rayu shekara ɗari huɗu da suka wuce mutum biyar ne, to an tsallake sunaye. "Ɗan wane" ma a bakin mutanenmu yana iya nufin jika, ko almajiri, ko baran gida. A littafinka ka raba shafi biyu, abin da aka gaya maka da wanda ya faɗa da ranar, da abin da ka gani a rubuce da inda ka gan shi. Abin da mutum biyu da ba su zauna gida ɗaya ba suka faɗa iri ɗaya, shi ne mai ƙarfi. Gwajin ƙwayar halitta da ake tallatawa a can kuwa, zai iya haɗa ka da wani ɗan'uwa da shi ma ya yi gwajin, amma ba zai faɗa maka sunan ƙauye ba, kuɗin ya fi amfani a motar zuwa Rano.

Tunda kana nesa, ga abin da za ka yi a wannan makon. Ka nemi ƙanwarka ko wata 'yar'uwa da tsofaffin suka saba da ita, ta je wurin goggon mahaifinka mafi tsufa da goro da ɗan abin hasafi, ta nemi izininta ta kunna rikoda a waya. Kada ta tafi da jerin tambayoyi kamar 'yar jarida. Ta fara da, "Goggo, da kina yarinya wane ƙauye ake kai ku gaisuwa?" ta bar ta ta yi ta zuba, ta koma sau biyu ko uku, don abin da bai zo ranar farko ba yakan zo bayan tsohuwa ta kwana da shi. In kun samu sunan ƙauyen da sarkin da ke kan gado lokacin da ya shigo birni, ka sake rubuto mini, sai mu duba gundumar da ƙauyen yake ciki a wancan zamani da fayilolin da za ka nema a Kaduna.